Farin alkubus ɗin Chaina mai nama a ciki: a ci ko a haƙura?

Sadiku Kwari: Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau kwanana huɗu a birnin Gwanzu na Chaina, kuma wannan ne zuwana na farko, maigidana ne ya turo ni duba yadi. Tunda na sauka ba abin da nake ci sai biredi da shayi da garin da na taho da shi. Ɗazu bayan sallar asuba na fito neman abin karyawa, sai na ci karo da wani ɗan shago a lungun bayan masaukinmu nan unguwar Shaubei, bai fi rumfar mai shayi girma ba. Tebura uku ne da 'yan gajerun kujerun roba. A bakin ƙofa an jera kwandunan gora ɗaya bisa ɗaya sun kusa kai kafaɗata, tururi sai tashi yake. Matar ta ɗaga na sama, sai ga wasu abubuwa farare tas, an tattare samansu kamar bakin buhu. Mutane sai zuwa suke, kowa ya haska wayarsa a bango ya biya ya karɓi ledarsa ya wuce yana ci a hanya. Wallahi yawuna ya tsinke, amma ban san me aka ƙunsa a ciki ba. Na fi minti biyar a tsaye, daga ƙarshe na koma ɗaki na jiƙa garina. Ga hotonsa na turo. Wa ya san abin nan?

Bala Zazzau: Wa alaikumus salam. Bakano ya je Chaina ya ga alkubus ya tsaya yana kallo kamar ya ga jirgi. Allah ya kyauta.

Alhaji Ɗanlami: Wa alaikassalam Sadiku. Ka yi daidai da ka koma wa garinka. Abin da ka gani sunansa bauzi. Na fi shekara goma sha biyar ina zirga-zirga a garin nan, kuma dokata guda ce: abin da aka naɗe aka rufe bakinsa, ba na kai shi bakina. Kifi ina ganinsa kifi ne, ƙwai ina ganinsa ƙwai ne. Wannan kuwa sai ka gatsa sannan za ka san me ka ci, lokacin aikin gama ya gama. Kuma ka sani a Chaina idan aka ce "nama" kawai ba a ƙara komai ba, to alade ake nufi.

Sadiku Kwari: Subhanallah. Na gode Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ashe Allah ne ya tsare ni.

Nura Shi'an: Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce ɗari bisa ɗari. Kalmar ita ce "rou", in ka gan ta ita kaɗai alade ne. Na saniya sai an ce "niu rou", na rago ko akuya "yang rou". Amma a yi mini afuwa, ban yarda a ce yaron nan ya yi sati uku yana shan gari ba alhali yana zaune a unguwar da ta fi ko'ina abincin Musulmi a Gwanzu. Shekarata uku ina karatu a birnin Shi'an, kusan kullum da bauzi nake karyawa. Musulmin Chaina suna yin nasu, da naman sa ko na rago, kuma yankan Musulmi ne. Sadiku, ka ajiye waɗannan haruffa biyu a wayarka: 清真. Ana karanta su "cing-jan", su ne halal ɗinsu. Yawanci a koren allo ake rubuta su a saman ƙofa. Ga kuma wanda za ka guda: 猪肉, naman alade ke nan. Shagon da ka gani akwai koren allo?

Sadiku Kwari: Yaya Nura babu. Jan allo ne da rubutu ruwan ɗorawa.

Nura Shi'an: To wannan kam ka bar shi. Gobe ka ƙara gaba kaɗan, ka shiga lungunan da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Shaubei, za ka ga masu fararen huluna, matansu da ɗankwali. Can za ka nema.

Anti Rabi Yiwu: Ni fa ban ga abin tayar da hankali ba. Ai ba duka ne masu nama ba. Akwai na kabeji, akwai na ganye da ƙwai, akwai na awara, akwai mai jan wake da sukari a ciki, akwai ma wanda babu komai a cikinsa, kwaɓin ne zalla, shi suke kira mantou. A nan Yiwu kafin in shiga kasuwar Futiyan na ganye nake saya guda biyu da kofin madarar waken suya mai ɗumi, in wuni ina zagaya shaguna ban ji yunwa ba. Ka ce mata "tsai bau" kawai, na ganye ke nan, an wuce wurin.

Nura Shi'an: Anti, a gafarce ni, nan ne fa mutanenmu suka fi faɗawa. Ganye shi kaɗai ba ya daɗi, ya bushe, sai masu yi da yawa su zuba masa kitsen alade don ya yi maiƙo da ƙamshi. Wasu har cikin kwaɓin suke sa shi saboda ya ƙara fari da laushi. Kuma ita mai shagon ba yaudararki take ba, a wurinta kitse ba nama ba ne, in kin tambaye ta akwai nama za ta ce babu, da zuciya ɗaya. Sannan ki duba yadda ake jera kwandunan nan: tukunya ɗaya ce a ƙasa, tururi ɗaya ke ratsa su duka, na alade a sama na ganye a ƙasa, maiƙo yana ɗiga.

Anti Rabi Yiwu: Innalillahi. Nura ka ɓata mini safiya. Shekara nawa ina cin abin nan.

Anti Rabi Yiwu: Amma tsaya. Ai ba kowa ke sa kitsen ba ko? Wadda nake saya wurinta na ga jarkar man gyaɗa ko na waken suya a gefenta.

Nura Shi'an: Ba kowa ba, gaskiya. Akwai ma shagunan mabiya addinin Buda da ba sa taɓa nama ko kitse sam. Matsalar dai daga waje ba ki da hanyar rarrabewa, farin nan iri ɗaya ne.

Alhaji Ɗanlami: Kun ji ko? Ai abin da na faɗa ke nan tun farko. Yaran zamani sai an zagaya da ku Gabas da Yamma sannan ku dawo kan maganar manya.

Bala Zazzau: Tunda an zo nan bari in tona wa kaina asiri, ko wani ya amfana. Zuwana na biyu ne, lokacin baje kolin Kanton na watan Oktoba. Wani ɗan Chaina da muke sayen fitilu a wurinsa ya ce lallai sai ya kai mu shan shayin safe, al'adar mutanen Gwanzu ce, a zauna a yi ta kawo 'yan ƙananan kwanduna ana shan shayi ana hira. Na gaya masa mu Musulmi ne, ya ce ya gane, ya gane. Aka kawo wani farin bauzi da ya tsage a sama gida uku kamar audugar da ta buɗe, cikinsa ja, ga zaƙi-zaƙi kamar an sa zuma. Na ɗauka wake ne ko wani ɗan itace. Na ci ɗaya, na ƙara. Ina miƙa hannu ga na uku tafintarmu ta shigo, ta ga abin da ke hannuna ta dafe kai. Gasasshen alade ne, "ca siu bau" suke ce masa. Shi bawan Allahn nan abin da ya gane shi ne ba ma shan giya. Ranar na yi brush ya fi sau biyar, har makogwarona ya yi ciwo don ƙoƙarin amai.

Isuhu Maraɗi: Bala hal biyu ka ci? Na ɗaya kuskure ne, na biyu fa?

Bala Zazzau: Isuhu ka ji tsoron Allah. Na biyun ma cikin rashin sani ne.

Sadiku Kwari: Su Yaya Bala masu yi wa Kanawa dariya, ashe Bazazzagi har ƙari ya yi.

Bala Zazzau: Yaro, ka bari ka fara cin abinci a garin tukuna kafin ka sa baki a maganar manya.

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Na bi maganar tun daga sama. Malam Bala, ka kwantar da hankalinka, babu laifi a kanka. Allah Ya ce babu laifi a kanku cikin abin da kuka yi kuskure, sai abin da zukatanku suka yi da gangan, yana cikin Suratul Ahzab aya ta 5. Kurkure baki ya wadatar, ba a ɗora maka tilasta wa kanka amai ba. Hajiya Rabi ke ma haka, abin da ya wuce ya wuce, ba ki ma tabbatar akwai kitsen ba. Amma yanzu da ilimi ya zo miki, hukuncin gobe ba irin na jiya ba ne. Asalin ganye da alkama halal ne, sai dai idan ya zama sananne a wuri cewa ana yawan haɗa su da haram, kuma ga na Musulmi nan kusa ba wahala, to a bar abin da ake kokwanto a koma wa wanda babu kokwanto. Alhaji kuma, Allah ya ƙara girma, tsantseninka abu ne mai kyau ga kanka, amma ba za mu haramta wa yaro abincin da Musulmi ɗan'uwansa ya yanka ya dafa ba don kawai an naɗe shi. In haka ne sai mu bar sambusa da alale ma.

Alhaji Ɗanlami: Malam ban ce haram ba ne. Na ce ni ba na ci. Kuma koren allon nan da Nura yake ta yabo, wa ya hana wanda ba Musulmi ba ya rataya shi don ya ja kasuwa? Na ga inda aka rubuta halal, ga kwalaben giya jere a firji.

Nura Shi'an: Wannan ma gaskiya ne Baba, ana samu, musamman manyan gidajen abinci masu neman kowane irin baƙo. Shi ya sa ni ƙaramin shago na fi yarda da shi a kan babba. A babban wuri allo kawai kake gani da ma'aikata masu inifom, ba ka san wa ke kicin ba. A ɗan shagon nan kuwa komai a gabanka yake: miji yana murza kwaɓi, mata tana naɗewa, yaro yana aikin makaranta a teburin ƙarshe, naman yana rataye kana kallo. Ka yi sallama ka ji yadda za a amsa. Ka duba ko akwai giya, ka duba ko an manna takardar hana shigo da abincin waje, don masu tsantseni a cikinsu ba sa yarda ka shigo musu da abin da ka sayo a wani wuri, kar ya taɓa kwanukansu. In ka ga wannan takardar to ka samu wurin ci. Ranar Juma'a kuma ka lura da wanda ka gani a masallaci. Ni mai shagon da nake ci sahu ɗaya muke tsayawa.

Wani abu kuma, kar a ce sai an ga rubutun Larabci. Tun wajen 2019 hukumomi suka sa aka cire rubutun Larabci daga allunan shaguna a Beijin da wasu garuruwa, saura haruffan nan biyu kawai. Rashin Larabcin ba ya nufin shagon ya sauya hannu.

Isuhu Maraɗi: Ni abin da ya ba ni mamaki zuwana na hwarko, ban san akwai Musulmi da yawa haka nan a ƙasar ba. Na ɗauka baƙi ne irinmu. Sai da na je Juma'a na ga tsohi masu hurhura suna alwala.

Nura Shi'an: Sun fi mu daɗewa da Musulunci ma, Malam Isuhu. Cikin ƙabilu 56 da gwamnati ta lissafa, goma Musulmi ne, manyan su ne Hui da Uigur. Masallacin Huaisheng da ke nan Gwanzu, mai doguwar hasumiya, yana cikin mafi tsufa a ƙasar. Yawancin masu shagunan taliyar nan mai sunan birnin Lanju da kuke gani ko'ina daga arewa maso yamma suke, Gansu da Cinghai. Abin dariya, mutumin da ake danganta wa fara taliyar nan a 1915 sunansa Ma Bauzi, amma rubutun sunan daban yake da na abincin.

Alhaji Ɗanlami: Ai har kabarin Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yana garin, na ziyarta ba sau ɗaya ba.

Malam Habibu: Alhaji, mutanen garin haka suke faɗa, kuma wurin yana da daraja a wajensu. Amma abin da malaman tarihinmu suka tabbatar shi ne Sa'adu, Allah ya ƙara masa yarda, ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina, aka binne shi a Baƙi'a. Wannan dai wata muhawarar ce, kar mu bar yaro da yunwa.

Maman Hanifa: Ni duk wannan bai dame ni ba tunda ba zuwa zan yi ba. Tambayata ta masu girki ce. Na ga hoton da Sadiku ya turo, wannan ai alkubus ne aka yi masa ciki. Fulawa, yis, ɗan sukari, a bari ya tashi, a turara. Me ya raba su?

Nura Shi'an: Hajiya kin kusa. Bambancin, kwaɓin alkubus da ruwa-ruwa yake, shi ya sa ake zuba shi a gwangwani. Wannan kuwa da tauri ake kwaɓa shi kamar na biredi, a murza shi sosai, a gutsura, a faɗaɗa kowane da muciya ƙarama, tsakiya da kauri gefe da siranta, a zuba haɗin a tattare bakin. Kuma alkubus miya yake jira, shi wannan da miyarsa yake tafe a ciki.

Bala Zazzau: Wato alkubus ne da ya yi karatu a waje.

Maman Hanifa: Bala ka fita daga kicin ɗin mata. Wanda ya ci biyu ba shi da bakin magana.

Sadiku Kwari: Jama'a barkanmu da safiya, ko da yake ku yanzu dare ne a gida, agogona ya ce kun bi ni bashin awa bakwai. Na je! Na bi kwatancen Yaya Nura, na wuce shaguna biyu ina gwada haruffan da ke wayata da na allo kamar mai duba lambar mota. Na uku na samu. Wani dattijo ne da farar hula da ɗan gemu, na ce assalamu alaikum, ya ɗago ya amsa har da wa rahmatullah, ya nuna mini kujera. Wurin ƙarami ne ƙwarai, gwiwata tana taɓa ta wani mai gadi da ke karyawa kafin ya tafi aiki. Na ce "niu rou", bai gane ba, na sake faɗa, bai gane ba, sai na ɗora yatsu biyu a kaina kamar ƙaho. Duk shagon aka fashe da dariya, matarsa har da riƙe ciki. Ya ɗaga yatsu yana tambayar nawa, na ce huɗu.

Ya kawo su a kwandonsu, da ɗan faranti na baƙin ruwan khal da man barkono, da wani kunun gero marar sukari. Na ɗauka da tsinken cin abincinsu ya suɓuce, na sake ya suɓuce, dattijon ya yi mini alama in sa hannu kawai. Jama'a, laushi kamar auduga. Ciki niƙaƙƙen naman sa ne da lawashi da citta, ga romo kaɗan da ya jiƙa kwaɓin ta ciki. Na farko na ci shi haka, na ji kamar gishiri bai ji ba. Da na tsoma na biyu a khal da barkonon nan sai abin ya tashi. Na ƙara biyu, shida ke nan. Duka da kunun bai kai kuɗin ruwan roba biyu a otal ɗinmu ba. Wayata ba ta da manhajar biyan kuɗinsu, na miƙa takardar yuwan ashirin, sai da matar ta shiga ciki ta lalubo canji a wata gwangwanin shayi.

Anti Rabi Yiwu: Ma sha Allah ƙanena, ka ga yadda ake yi. Ni ma yau na canza hanya, na tafi wajen masu fararen huluna. Tafiyar ta ƙaru da minti goma amma hankalina a kwance. Sai dai gaskiya na ganyen waccan matar ya fi daɗi, kuma yanzu ina zargin na san dalili.

Isuhu Maraɗi: Hhhh Hajiya Rabi, Allah shi yahe muna baki ɗai.

Alhaji Ɗanlami: To Sadiku, tunda ka yi sallama an amsa, ba ni da ta cewa. Amma shida? Maigidanka yadi ya aike ka dubawa ko ci? Kuma ni har yanzu ban ga abin da zai sa in bar gasasshen nama da gurasar 'yan Uigur ba. Su ma suna da irin wannan ɗin, samsa, amma a tanderu suke manna shi ya gasu ya yi ja, naman rago da albasa da kitsen jela. Wannan abinci ne. Farin nan kuwa kullum gani nake kamar bai dahu ba.

Bala Zazzau: Af! Baba Alhaji, samsa ba a naɗe take ba? Ina dokar "abin da aka rufe bakinsa ba na ci"?

Alhaji Ɗanlami: Wanda nake saya wurinsa shekara tara na san shi, na san 'ya'yansa. Kai da ka ci biyu kar ka kama ni da magana.

Nura Shi'an: To ai Baba mun haɗu ke nan, mai yin ake dubawa. Sadiku, in Allah ya kawo ka Shi'an akwai wanda ya fi wannan. A unguwar Musulmi da ke bayan Hasumiyar Ganga, titin Beiyuwanmen, akwai gidan Jiya San da ya yi suna a kan bauzi mai romo. Fatarsa siririya ce, ba ta da yis irin wadda ka ci, in ka ɗaga shi za ka ga romo yana rawa a ciki kamar ruwa a salka. Suna da 'yar waƙar da suke koya wa baƙo: ɗaga a hankali, matsar a hankali, fara buɗe taga, sannan ka sha romo. Wato ka ɗora a cokali, ka ɗan huda gefe, ka zuƙe romon, sannan ka ci sauran. Ni ranar farko ban san waƙar ba, na jefa shi baki gaba ɗaya, kwana uku harshena bai san ɗanɗanon komai ba.

Amma a kula, irin wannan mai romon a Shangai da sauran wurare, wanda ake kira shaulungbau, da fatar alade ake yin romon. Na Musulmi ne kawai ake yi da ƙashin sa ko na rago.

Maman Hanifa: Tsaya Nura, ta yaya ake zuba romo a cikin kwaɓi bai tsiyaye ba? Da sirinji?

Nura Shi'an: A'a Hajiya. Kin san farfesun ƙafar sa in ya kwana a sanyi yadda yake daskarewa ya zama kamar ƙulli? Shi ke nan sirrin. A dafa romo har ya yi kauri, a bari ya daskare, a yayyanka shi ƙanana a cuɗa da naman. Yana shiga tururi sai ya narke ya koma romo a ciki.

Maman Hanifa: Ikon Allah. Wannan dabarar ai ko a sambusa sai in gwada ta.

Isuhu Maraɗi: Ni wani tahinta ya ba ni labari wai hal shugaban ƙasarsu ya taɓa shiga layi ya sayi abin ga. Na ce mishi ƙarya ne.

Nura Shi'an: Gaskiya ne. A watan Disamba na 2013 Shi Jinping ya shiga wani shagon Cingfeng a Beijin, ya bi layi, ya sayi bauzi shida da ɗan ganye da miyar hanta, ya biya yuwan 21, ya ɗauki tirensa da kansa ya zauna cikin mutane. Bayan nan mutane suka yi ta tururuwa suna cewa a ba su irin abin da shugaba ya ci. Nasa dai na alade ne da lawashi, kar wani ya je Beijin ya ce a ba shi na shugaba. In kun je can ku nemi Niuje, wato Titin Saniya, nan ce unguwar Musulmi.

Bala Zazzau: Sadiku ma shida ya ci. Yaro ya kama hanyar mulki.

Maman Hanifa: Jama'a na gwada fa. Tun azahar nake kicin. Na yi da fulawa gwangwani huɗu, niƙaƙƙen nama da lawashi da citta da ɗan man riɗi, na turara a madambacin da nake dambu. Suna kan wuta sun kumbura gwanin sha'awa, na kira Baban Hanifa ya zo ya gani. Ina buɗe murfi suka sace suka yamutse kamar fuskar tsohuwa, ga wasu tabo-tabo a sama, ƙasan kuma ya manne. Ɗanɗano dai ba laifi, yara sun cinye, amma ba zan iya kai wannan gidan biki ba. Ina kuskuren yake?

Anti Rabi Yiwu: Maman Hanifa na tambayar miki matar da ke mana shara a ofis, ta ce abu uku ne. Bayan kin naɗe kar ki ɗora nan take, ki bar su su sake tashi kamar minti ashirin. In sun yi minti goma sha biyar a kan tururi ki kashe wuta, amma kar ki buɗe, ki ba su minti biyar su huce a rufe, iskar waje ce ke sa su sacewa in ta buge su farat ɗaya. Tabon kuma ruwan murfi ne ke ɗiga. Shi ya sa suke amfani da kwandon gora, yana shanye gumin. Tunda naki na ƙarfe ne ki naɗe murfin da tsumma mai tsabta. Ƙasa kuma ki shimfiɗa ganyen kabeji ko ki shafa mai.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri 'yar'uwa, ki gaishe ta. Naɗin bakin fa? Nawa kamar an ƙulle goro a leda.

Nura Shi'an: Wannan sai hannu ya saba Hajiya. Akwai wani tsohon gida a Tiyanjin, Gobuli, tun 1858, su ƙa'idarsu ninki goma sha takwas a kowane ɗaya. Ke ki samu takwas ma kin yi ƙoƙari. Babban yatsa yana tsaye wuri ɗaya, manuni ke jawo gefen yana ninkewa, ɗaya hannun yana juyawa.

Maman Hanifa: Sadiku ɗana, in za ka dawo ka taho mini da kwandon goran nan hawa uku da murfinsa, madaidaici wanda zai hau tukunyar gida. Zan ba maigidanka kuɗin a Kwari.

Alhaji Ɗanlami: Kar ka sa shi a akwati ya karye. Ka kawo mini shago gobe bayan la'asar in jefa shi a kwantenar da za mu rufe ranar Alhamis. Kuma in za ka zo, ka biya wajen dattijon nan naka ka riƙo mini guda biyu na rago in gani. Gani kawai zan yi.

Sadiku Kwari: To Baba, amma da safe kawai yake yi, kafin ƙarfe goma ya sayar ya wanke kwandunansa. Sai dai in biyo maka bayan asuba mu tafi tare.

Alhaji Ɗanlami: Ƙarfe shida da rabi. Ka jira ni a ƙofar tasha, kuma kar ka ɗauke ni hoto ka turo wa Bala.